Bayan waƙar nan mai minti tara, me zan ji na Bauhaus?

Nura: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na ci karo da wata waƙa mai minti tara da ɗoriya, har na kusa kashewa kafin mawaƙin ya buɗe baki. An ce ta Bauhaus ce. Ta kama ni. Me zan ji bayanta?

Yaya Sagir: Wa alaikumus salam. Bela Lugosi's Dead ka ji ke nan, ƙanena, ta ƙofar gida ka shigo. Samari huɗu ne 'yan Northampton a Ingila: Peter Murphy mai rerawa, Daniel Ash mai jita, sai David J mai bes da ƙaninsa Kevin Haskins mai ganga. A ƙarshen 1978 suka haɗu, watan Janairun 1979 suka shiga wani ɗan situdiyo a Wellingborough suka ɗauke ta tashi ɗaya, babu maimaici. Small Wonder, wani ƙaramin kamfani da ke cikin shagon sayar da faifai a Landan, shi ya fitar da ita a watan Agusta. Ka sake ji da abin kunne mai kyau. Ƙwas-ƙwas ɗin nan da Kevin ke yi a bakin ganga, da yadda sauti ke tafiya ya dawo kamar an yi magana cikin rijiya, duk daga dub, wani salon rege na 'yan Jamaika, suka ɗauko.

Nura: Wallahi shi ne ya riƙe ni! Na ce wannan ai da ɗanɗanon rege a ciki.

Anti Hauwa: To bi su a jere, kada ka yi tsalle. In the Flat Field na 1980 tukuna. Shi ne cikakken faifai na farko da kamfanin faifai na 4AD ya taɓa fitarwa. Jaridun kiɗa sun yi masa wankin babban bargo, amma ya hau saman jerin faifan kamfanoni masu zaman kansu. Sai Mask na 1981, lokacin sun koma kamfanin Beggars Banquet.

Bala Mai Waya: Anti, a gafarce ni, na farkon nan hayaniya ce zalla. Na taɓa sa shi a mota ina kai Hajiya asibiti, ba mu kai shataletale ba ta ce in tsaya a duba inji, wai wani ƙarfe na gogar wani. Nura, fara da Mask, ya fi sauƙin haɗiya.

Yaya Sagir: Gaskiyar Hajiya ce, ƙarfen na gogar wani, jitar Ash ce. Amma ni a wurina duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Mutanen nan a dandali ƙarfinsu yake. Tun 1980 suka ƙetara Amurka, ga zagayen Turai, ga shirin John Peel a rediyon BBC da ya kira su suka ɗauki waƙa. Nemi Press the Eject and Give Me the Tape na 1982, an ɗauke shi ne a wasanninsu na Landan da Liverpool. Za ka ji waƙoƙin sun fi na situdiyo zafin nama, ga ihun jama'a ana jin sa. In ka samu bidiyon lokacin, duba fitilunsu: fari kawai, ba ja ba kore, inuwar Murphy ta cika bango.

Anti Hauwa: Nawa dai Burning from the Inside ne na 1983, duk da na san ba kowa zai yarda ba. Murphy ya kwanta ciwon huhu ana tsakiyar aiki, sauran ba su jira shi ba, Ash da David J suka karɓi rerawa a wasu waƙoƙin. Kana ji ka san zaman ya fara tsami. Sun yi wasan ƙarshe a zauren Hammersmith Palais da ke Landan ranar 5 ga Yuli 1983, faifan bai ma fito kasuwa ba suka watse.

Nura: Shekara biyar ma ba su cika ba ke nan?

Bala Mai Waya: Ba su cika ba, faifan situdiyo huɗu suka bari. Sun dawo zagaye a 1998, sannan a bikin kiɗa na Coachella a Amurka a 2005 Murphy ya rera waƙar da ka ji yana rataye, kai ƙasa ƙafa sama kamar jemage. Go Away White na 2008 kuwa, faifan da suka yi bayan dawowar, ajiye shi sai ka rasa abin ji.

Anti Hauwa: Bala, ba ka da daɗi. Nura, in muryar ce ta burge ka, bi Murphy shi kaɗai. Ya koma Turkiyya da zama, ya shiga harkar Sufaye, kuma faifansa Dust na 2002 da ya yi da makaɗin Turkiyya Mercan Dede cike yake da kayan kiɗan can. In kiɗan ne, sauran ukun su ne suka kafa ƙungiyar Love and Rockets.

Nura: Na gode Anti, na gode Yaya. Na dandalin zan fara saukewa, in data ta kai.

Bala Mai Waya: Ni ba godiya? To kada dai ka sa shi a mota.