Daga Yamai zuwa Damagaram da iyali don kallon hawan ƙaho

Baban Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna shirin tasowa daga Yamai da mota mu yi babbar Sallah a Damagaram, ni da mai ɗakina da yara huɗu, autan shekararsa biyar. Hawan ƙaho yaran suka ƙwallafa rai sai sun gani. A yini ɗaya za mu yanke hanyar ko mu raba ta? Wane irin masauki za mu nema, kuma ina ya dace a tsaya da yara a wurin wasan?

Malam Sani Bakanike: Wa alaikumus salam Alhaji. Raba ta biyu. Yamai zuwa Zinder, wato Damagaram, kusan kilomita 890 ne: Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Takeita. Ku taso bayan asuba ku kwana Maraɗi, washegari saura kilomita 240 ko ƙasa kaɗan, kafin azahar kun shiga gari. Kada ku yi tafiyar dare, akwai amalanken shanu marasa fitila da manyan motoci da suka mace a kan titi.

Sallah tana ja baya da kwana 11 duk shekara, yanzu cikin bazara take faɗowa, zafi ya haura 40. Abin da ke kayar da mota a wannan lokaci biyu ne, taya da ruwan inji. Duba gefen kowace taya, akwai lambobi huɗu: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ta wuce shekara shida canza ta, ko da zanenta bai cinye ba, don kwalta mai zafi tsohuwar roba take fasawa. A auna iska da safe tayar na sanyi, har da ta ajiya. In allurar zafi ta hau, tsaya, kashe inji, ka ba shi rabin awa kafin ka taɓa murfin radiyata, in ba haka ba tafasasshen ruwa zai wanke maka fuska. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci wajen lita 72, ka cika tanki a Ƙonni da Maraɗi. Permi (lasin tuƙi), asuransi (inshora) da takardun mota su zauna kusa da hannu, da canjin peyaji, wato kuɗin hanya.

Hajiya Mariama Zengo: Baban Nafisa, ku shida ɗakin otel ɗaya ba zai ɗauke ku ba. Nemi gidan saukar baƙi mai ciki biyu da tsakar gida, inda za a iya ɗora tukunya a kuma shimfiɗa tabarma da dare. Tambayar farko ba kuɗi ba ce, ruwa ce. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram, in gidan ba shi da tankin ajiya famfo kawai, ku wuce. Ta biyu, injin wuta, kuma a faɗa maka wa ke sayen mai tun kafin ka ba da kuɗi. A kama gida sati biyu kafin Sallah. Ku zo da gidan sauro da jarka biyu masu lita 25.

Ɗan Rundawa: Ranka ya daɗe, wasan na mahauta ne, kuma a Birni, tsohuwar unguwar garin, ake taruwa, wajen ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Da kun sauka ku tambayi mahautan kasuwa rana da lokaci, su ne masu abin. Ana zaɓo bijimi mai faɗa a ɗaura masa igiya biyu, ɗaya gaba, ɗaya a ƙafar baya, kowace da ƙarti riƙe da ita. Masu kalangu na kiɗa ana zuga mai hawa da kirari, shi kuma ya tunkari san gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya, san yana wujijjiga shi. Ba a baya ake hawa ba irin na Amurka da ake ƙirga daƙiƙa 8.

Haɗarin ɗan kallo ba ƙaho ba ne, igiya ce da turmutsitsi. In san ya zabura gefe, igiyar baya takan share ƙafafun duk wanda ke layin gaba, jama'a kuma su watse lokaci ɗaya su tattake na ƙasa. Don haka kada ku shiga sahun farko, kada ku tsaya a bakin lungu, nan sa yake nufa in ya ƙwace. Ku samu dakali mai tudu, bango a bayanku. Takalmi mai maɗauri, ba silifa ba. Kowane yaro a sa masa takarda da lambar wayarka a aljihu. Mota a bar ta nesa a tako da ƙafa, lungunan Birni ba sa juyuwa ranar taro.

Baban Nafisa: Allah ya saka da alheri. Autan fa, in ɗora shi a wuya?

Ɗan Rundawa: A kan dakali, e. A cikin taro a'a, Alhaji, in aka ture ka daga sama zai faɗo. Riƙe shi a ƙirji, manyan kuma Hajiya ta tsaya da su ta wajen bango.