Neman kalma: me za mu kira "home advantage"?

Sadiya: Jama'a a taimaka, ƙarfe 4 zan shiga shirin wasanni. Rahoton na kan yadda doguwar tafiya ke cin ƙungiyar da ta je baƙunta. Misalin NBA ne, gasar ƙwallon kwando ta Amurka: wasa 82 a kaka, 41 a waje, daga Boston zuwa Los Anjalas kuma bambancin awa 3 ne. Me zan kira "home advantage"? Ga kuma "jet lag".

Bala: Fa'idar gida. Na biyun gajiyar tafiya. An gama.

Malam Habu: Ba a gama ba, Bala. Wanda ya yini a mota ma ya gaji, amma barcinsa bai rikice ba. Shi "jet lag" agogon jiki ne ya saɓa da na gari, shi ya sa tafiya gabas ta fi wuya, ana so ka kwanta ido bai nemi barci ba. Ni magagin jirgi nake cewa. Na farkon kuwa gatan gida. Fa'ida ai Larabci ce.

Bala: Malam, agogon da ka ambata fa daga Yarabanci muka aro shi. Mu mayar musu?

Malam Habu: Kun fi son aro saboda a ce kun waye. Shekara nawa ina faɗin gatan gida ba wanda ya ɗauka.

Ummi: Allah ya huci zuciyarka Malam, amma gata daga mutane yake zuwa, 'yan kallo ko alkalin wasa. Da Bolibiya ta ci Ajantina 6-1 a gidanta, birnin La Paz, a 2009, tudu ne na kusan mita 3,600 ya shaƙe baƙin. Wa ya yi musu gata a nan, iska?

Malam Habu: Ƙasarsu ta yi musu.

Ummi: To ƙungiyoyin Milan da Inter na Italiya fa? Filinsu ɗaya, ba wanda ya hau jirgi, amma ana kiran ɗaya mai masauki. A ce rinjayen gida, shi ya ɗauke duka.

Bala: Rinjaye kamar an riga an ci wasan ne.

Sadiya: Saura minti 20. Na ɗauki magagin jirgi, ya zauna a baki. Ɗayan zan ce fa'idar wasa a gida, mai saurare zai gane nan take.

Malam Habu: Kalma huɗu wurin biyu. To, a ce magagin nawa ne dai.