Tafinta ko tsani? Sunan "level shifter" da Hausa

Jama'a, akwai 'yar na'urar nan da Bature ke kira "level shifter", wasu su ce "level translator", wadda ke ɗaga ko sauke wutar sigina tsakanin allunan lantarki biyu, har yanzu ba mu tsayar mata da sunan Hausa ba. Sunaye huɗu aka kawo a tattaunawarmu: mai daidaita wuta (na Malam), gada, tafinta (na Injiniya) da tsani. Ba a raɗa wa abu suna sai an san aikinsa, don haka daga nan zan faro.

Uwar allo (motherboard) da ƙananan allunan da ake soka mata da 0 da 1 suke magana. Sai dai 1 ɗin nan wuta ce da ta kai wani mataki, kuma ba kowa ne ya yarda da mataki ɗaya ba. A tsarin TTL mai 5V, wani tsohon tsari na IC (ƙwayar lantarki mai ƙafafu), abin da ya kai 2.0V shi ne 1, wanda bai wuce 0.8V ba shi ne 0. IC irin 74HC kuwa, in aka ba shi 5V, sai sigina ta kai wajen 3.5V kafin a tabbatar zai karɓe ta a matsayin 1. Ke nan allo mai 3.3V zai yi wa na TTL magana lafiya lau, amma a gaban 74HC sai ya zama yau an ji, gobe ba a ji ba. Wannan matsalar hawa ce.

Ta sauka ta fi haɗari. Ƙafafun GPIO (na shiga da fitar sigina) na allon Raspberry Pi 3.3V ne, ba sa jure 5V, shi kuwa allon Arduino Uno 5V yake fitarwa. In an haɗa su kai tsaye, rarar wutar za ta bi diyod ɗin kariya da ke cikin IC ta zuba a layin 3.3V. Wata ƙafar nan take za ta mutu, wata ta daɗe tana aiki kafin ta mutu, kuma wannan ya fi muni, don mai allon zai rantse ba daga nan matsalar take ba.

Malam, "mai daidaita wuta" da ka kawo yana da daɗin faɗa, amma sunan yana da mai shi. Na irin su 7805 da AMS1117 ne, masu ciyar da allo wuta. Tamu ba ta ciyar da kowa, saƙo take ɗauka. Ranar da ɗalibi ya ji suna ɗaya ne, zai ɗora 7805 a layin data, kuma mu ne muka ja masa.

Gada ta riga ta yi kaya: akwai ta diyod huɗu, akwai mai siffar H da ke juya injin lantarki (motor), akwai ta arewa da ta kudu a tsofaffin kwamfutoci. A bar ta ta huta.

Injiniya, sunan tafinta da ka kawo ne ya fi ba ni wuya, don hujjarka tana da ƙarfi, Baturen ma haka ya ce. Amma tafinta harshe yake sauyawa, ita kuwa na'urar nan ba ta taɓa harshe. In I2C (wani harshe da IC ke magana da juna) ya shiga, I2C zai fita, 0 da 1 ɗinsa a jere yadda suka zo, tsayin wutar kawai ya sauya. Tafinta na gaskiya shi ne CH340 ko FT232, da ke karɓar harshen USB ya mai da shi wani harshen, UART. In muka ba da sunan yanzu, gobe me za mu kira su?

Ni ina bayan tsani. Da ma mun ce mataki, kuma tsani ne ke kai mutum daga wannan mataki zuwa wancan, a hau shi a kuma sauko. Ga shi Bahaushe ya riga ya san wane ya zama tsani tsakanin wane da wane. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda sunan ke haifar da wasu ba tare da an tilasta shi ba.

Tsanin sauka: rezista biyu, 1k da 2k, su mai da 5V wajen 3.3V. Ba tsada, amma ga layi mai sauri sai gefen sigina ya dakushe, gara 74LVC245 da aka ba 3.3V. Tsanin hawa: 74AHCT125, wanda ake yawan sa wa fitilun WS2812B in allo mai 3.3V ne ke ba su umarni. Tsani mai hawa da sauka: MOSFET (wani nau'in transista) guda irin BSS138 da rezista biyu masu ja sama, dabarar da Philips ta bayyana a 1997 saboda I2C. A nan a kula, TXB0108 yana gane alkibla da kansa amma turinsa ba ƙarfi, bai dace da I2C ba. TXS0108E ne na wannan aikin.

Ba kowane maganin matsalar ne tsani ba. Tsagar da ke bakin katin PCI da ake soka wa uwar allon kwamfuta, mai raba na 5V da na 3.3V, hana shiga kawai take yi. Haka tsagar katin RAM, mai raba DDR3 mai 1.5V da DDR4 mai 1.2V. A tsarin FMC kuwa, wani tsarin soka ƙaramin allo a uwar allo, ƙaramin allon ne ke ɗauke da EEPROM ('yar ma'ajiyar bayani) da ke faɗa wa uwar allo wutar da yake so, ita kuma ta ba shi. Wannan sulhu ne tun kafin a fara magana.

Hajiya ta tuna mana cewa jeren rezista na R-2R ma tsani ake ce masa da Turanci, haka zanen shirin PLC, kwamfutar sarrafa injinan masana'antu. Gaskiyarki. Don haka kada a bar shi tsirara a rubutu: namu tsanin sigina, wancan tsanin rezista.

Saura "5V tolerant". Na yi amfani da kalmar "jure" a sama, kuma ina ganin "mai jure 5V" ya zauna, muddin an fahimci cewa jurewar a wajen karɓa take. Ƙafar da ke jure 5V, in ta tashi magana, 3.3V ɗinta za ta fitar, kuma 74HC ɗin can yana nan yana jiran 3.5V.