A zaɓa wa sabon shiga gida, ko a bar shi ya nema da kansa?

Mai gyaran salula, Babbar Kasuwa: Assalamu alaikum. Maganar da na yi jiya a fada ita nake son maimaitawa a rubuce: Mastodon da ire-irensa ba za su shiga hannun mutanen Maraɗi ba muddin manhajar tana tambayar sabon shiga uwar garken (wato sabar da za ta riƙe asusunsa) da yake so tun bai san inda ya sa ƙafa ba. Ga wanda bai san shi ba, Mastodon dandalin sada zumunta ne irin Twitter, Eugen Rochko ne ya fito da shi a Jamus a 2016, kuma ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Uwayen garke ne dubbai, kowace da mai ita da dokokinta, suna musayar saƙo ta ƙa'idar ActivityPub, kamar yadda mai Gmail ke aika wa mai Yahoo wasiƙa. Na taɓa saka wa wani abokin cinikina manhajar, da ya ga jerin sunayen da bai taɓa ji ba sai ya miƙo mini salular ya ce in goge. Shi ya sa na ga daidai ne abin da masu Mastodon suka yi a Mayun 2023, da suka sa uwar garkensu mastodon.social a gaba domin mutum ya latsa sau ɗaya ya shiga.

Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo: Wa alaikumus salam. Yaya, ina ganin girmanku, amma a nan ban bi ku ba. Me ya kori mutane daga manyan dandali tun farko? Maƙwabtanmu na Katsina sun ga yadda gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a Oktoban 2022 Elon Musk ya saye shi a kan dala biliyan 44 ya sauya dokoki yadda ya ga dama. Idan aka tura kowane sabon shiga gida ɗaya, an sake gina abin da aka gudo, domin gida mai ƙofa ɗaya kwaɗo ɗaya ya ishe shi. Za ku ce mutum na iya ƙaura daga baya, to amma wanda ya ƙaura a Mastodon mabiyansa ne ke bin sa, tsofaffin rubuce-rubucensa kuwa suna nan inda ya baro su. Wanda ya yi shekara biyu yana rubutu a wuri ɗaya da wuya ya tashi.

Alhaji, ɗan kasuwar hatsi: Yarona, ka yi magana mai ma'ana, sai dai ka tsallake abin da ya faru a gidanmu. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 intanet ɗin salula gaba ɗaya aka katse a Nijar kusan kwana goma, kuma da uwayen garkenku sun kai dubu ɗari babu wadda za mu iya kaiwa gare ta. Ni damuwata ta fi wannan sauƙi. A WhatsApp lambar mutum ce adireshinsa, ina danna murya in faɗa wa dillalina na Jibiya farashin gero ba tare da na rubuta harafi ba. Naku kuwa yana neman imel, alhali yawancin waɗanda na sani wani ne ya buɗe musu imel ɗin ranar da suka sayi salula, sun ma manta kalmar sirrin.

Malamar makaranta, Ali Ɗan Sofo: Alhaji, Allah ya ƙara girma, kun taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni na shiga, ban sha wahalar ƙofa ba, domin ina jin Faransanci na zaɓi uwar garken Faransawa mamot.fr, amma abin da na tarar a ciki shi ne ya kusa korata. Mastodon ba ya zaɓo wa mutum labarai kamar Facebook. Abin da waɗanda kake bi suka rubuta shi kake gani, bi da bi bisa lokaci, saboda haka wanda bai bi kowa ba shafinsa fayau yake kamar kasuwa bayan magariba. Ko neman rubutu da kalma sai a Satumban 2023 aka kawo shi, kuma sai marubucin ya amince a gan shi. Na yi makonni ina karanta muhawarar mutanen Faransa a kan harkokinsu, ban haɗu da mai cewa ina kwana ba.

A nan ne Bluesky, wani dandalin irin Twitter, ya yi dabara. A Yunin 2024 ya fito da ƙunshin farawa, inda mutum zai tara asusu har 150 a mahaɗa ɗaya, wanda ya latsa ya bi su duka a tashi guda. Ku biyu kuna jayayya a kan gidan da za a sauke baƙo, ni kuwa na ga baƙo ya fi zama inda ya tarar da sanin ido, ko da ɗakin bai yi masa ba. Da za mu tara sunayen masu rubuta Hausa, mu riƙa sa alamar #Hausa a duk abin da muka wallafa, da an rage rabin matsalar ba tare da an jira Jamus ba.

Ɗalibin jami'a: Malama, na karɓi wannan, kuma na yarda da Alhaji cewa katse intanet ya fi ƙarfin kowane tsari. Amma ban janye ba a kan gida ɗaya. Idan dole ne manhaja ta yi wa mutum zaɓi, to ta duba harshen da ya sa, ta miƙa shi ga wata ƙaramar uwar garke amintacciya, yau wannan gobe waccan. Mafi kyau ma mu kafa tamu ta Hausa.

Mai gyaran salula: Ƙanena, kafawa ba ta da wuya, riƙewa ce aiki. Wa zai biya kuɗin haya kowane wata, kuma wa zai tashi da tsakar dare ya goge zagi ko ƙazafi kafin sauran uwayen garke su toshe mu? Ƙananan da yawa sun rufe ne ranar da mai su ya gaji, asusun jama'a suka tafi tare da su. Sannan ku tuna yadda manhaja ke yaɗuwa a garin nan: ba a Play Store ake nemo ta ba, inda mutum zai rubuta Mastodon ya ga Tusky da wasu manhajojin shiga Mastodon ya ruɗe. A rumfuna irin tawa ake tura ta da Xender, kuma abin da muka saka shi mutum zai tafi da shi. Ni dai zan ci gaba da saka mutane a mastodon.social har ranar da ka nuna mini uwar garken Hausa da ta cika shekara a raye. Malama, idan jerin sunayen ya haɗu ku turo mini, zan riƙa sa wa kowa tun a rumfa kafin ya karɓi salularsa.

Malamar makaranta: Sunaye tara ne a hannuna yanzu, uku daga Damagaram. Wanda ya san wani ya rubuto adireshinsa cikakke, har da sunan uwar garken, domin sunan farko kaɗai ba ya isa a gano mutum.