'Yata ta daina walwala, ga ciwon kai da ciwon ciki: ina zan dosa?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali. Ina da 'ya mai shekara 15 wadda a da ba a raba ta da hira da dariya, amma wata uku ke nan ta zama shiru-shiru, ta janye jiki daga ƙawayenta, kuma kusan kowace safiya sai ta koka da ciwon kai ko murɗawar ciki, har zuwa makaranta ya fara gagararta.

Mun je asibiti sau biyu, aka auna jininta, aka ce babu ƙarancin jini, aka sallame mu da maganin ciwon kai. Cikin dare nakan leƙa in same ta kwance idonta biyu, ta juya fuska ga bango, abincinta ya huce ba ta taɓa ba.

Na karanta ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da larurar ƙwaƙwalwa, kuma baƙin cikin da ya haura mako biyu yana iya zama ciwon damuwa, wanda kan bayyana da ciwon jiki. Mahaifinta yana ganin sauyin balaga ne kawai, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Shin likitan ƙwaƙwalwa ya kamata mu fara gani, ko masanin halayyar ɗan Adam? Ta yaya zan shawo kanta, alhali duk tambayar da na yi mata amsarta ita ce, "Ba komai, Mama"? Kuma ya dace in tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta?