"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama", ko da kwamfuta ce ke rabon?

Autan Gwaggo: Assalamu alaikum, jama'a. Wannan karin maganar ce ta haɗa ni gardama da yayana jiya da daddare. Mu biyun muna zaune a Ingila, kuma tare muke shiga gasar kartar birij (wasan kati na mutum huɗu) ta intanet. Da na yi ƙorafin cewa katin da ke zuwa hannuna ya cika baƙin hali, iri ɗaya daga cikin ire-iren kati huɗu ya taru har bakwai, wani irin kuma babu ko ƙwaya, sai Yaya ya ce in yi shiru, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ni kuwa a ganina, wannan magana ta wanda ya san mai rabon ce kuma ya amince da shi. Shin ta dace a inda mai rabon na'ura ce da babu wanda ya taɓa ganin cikinta?

Malam Na-Tsakiya: Wa alaikumus salam. Yayanka bai yi kuskure ba, ɗana, amma ƙorafinka ma tsoho ne. Tun lokacin da aka fara barin kwamfuta ta raba kati a manyan gasa, 'yan wasa suke cewa rabonta ya cika ban mamaki, alhali hannun mutum ne ya saba musu da abin da ba daidai ba. Idan an gama zagaye, katin yana taruwa iri-iri, mai cakuɗawa kuma ya yi sau uku ko huɗu ya gaji, sai rabon ya fito a daidaice fiye da yadda lissafi ya nuna. A 1992 masana lissafi biyu, Bayer da Diaconis, suka nuna cewa kati 52 yana buƙatar cakuɗawa kusan sau bakwai kafin ya gauraya sosai. Hannun da babu wani iri a cikinsa sam yana zuwa kusan sau ɗaya cikin ashirin, wanda kuwa ya yi wasa dare guda mai yiwuwa ne ya gamu da shi.

Uwar Biyu: Malam, da izininka, ni ban taɓa jin an faɗi maganar nan don a rufe bakin mai ƙorafi ba. Wanda ya fid da tsammani ake gaya wa, domin kwaɗo ba ya hawa bishiya, saboda haka abin da aka rubuta masa dole ya sauko ya same shi a ƙasa. Kakata, Allah ya jiƙanta, ita ce ke kula da watandar unguwarmu gab da sallah, kuma bakinta ba ya rabuwa da wannan magana, amma ba ta taɓa barin rabo a hannun magana ba. Idan mahauci ya gama kasa naman a kan tabarma, sai ta sa kowa ya kawo alamarsa, wannan tsinke, wancan ƙwallon dabino, wata kuma ɓawon gyaɗa, a zuba a ƙoƙo. Daga nan a aika bayan gida a kira yaron da bai ga lokacin da aka tara alamun ba, shi zai bi kashin naman yana ajiye ɗaya a kan kowanne. Wata shekara wata maƙwabciyarmu ta ga kashinta ya fi yawan ƙashi, ta fara gunaguni, sai Kaka ta tambaye ta ko ta ga wani ya yi wa yaron raɗa. Ta ce a'a. Kaka ta ce to ɗauki naki, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Sai da ta toshe kowace kafa ta zargi tukuna take ambaton kwaɗo.

Baffan Yara: Allah ya jiƙan Kaka, Hajiya. Da ita aka ba rabon kayan tallafi a ƙaramar hukumarmu, da shinkafar talakawa ba ta koyi hawan bene ba. A wurin mutanen nan rabon kwaɗo yana hawa sama, har jirgi yake shiga.

Injiniya: Abin da Kaka ta yi shi ne ainihin matsalar da masu shirya gasa suka daɗe suna fama da ita. Yawan hanyoyin da za a iya raba kati 52 ga mutum huɗu lamba ce mai alƙaluma 29, ta fara da 53, kuma manhajar da tushen lambobinta, wato lambar farko da take gina rabon a kanta, ya yi ƙanƙanta ba za ta iya fitar da mafi yawansu ba. Shi ya sa Hans van Staveren, ɗan ƙasar Holan, ya rubuta manhajar rabon kati mai suna Big Deal, wadda aka yi amfani da ita a gasar duniya ta birnin Maastricht na Holan a 2000. A 2016 kuma aka nuna cewa mai wayo zai iya hasashen sauran rabon manhajar da ƙungiyar birij ta Arewacin Amurka ke amfani da ita idan ya ga 'yan zagayen farko, har ƙungiyar ta sauya manhajar. Wato yaron Kaka yana iya zama marar son kai, amma idan ana iya sanin inda hannunsa zai sauka, an yi asara.

Malam Na-Tsakiya: Akwai abin da aka tsallake. A gasar birij, rabo ɗaya ake bugawa a kowane teburi, kuma ana auna ka ne da waɗanda suka riƙe katin da ka riƙe. Wanda ya sami mummunan hannu, duk masu zama a kujerarsa sun sami irinsa. Ina kwaɗo a nan, tunda kowa rabonsa ɗaya? Maganar da ta fi dacewa ita ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Uwar Biyu: Ban yarda ba, Malam. Kati ɗaya ne, amma abokin hamayya ba ɗaya ba ne, domin wani teburin zai haɗa ka da gwani, wani kuma da mai gyangyaɗi, kuma wannan ma rabo ne.

Baffan Yara: Mu ma a zaɓen da ya wuce takarda ɗaya aka raba wa kowa, Hajiya, sai wajen ƙirga ne muka gane akwai masu kujera biyu.

Autan Gwaggo: Na nuna wa Yaya labarin watandar, sai ya ce Kaka tana bayansa, tunda ita ma da kwaɗon ta rufe bakin mai gunaguni. Na ce masa maƙwabciyar ta ga yaron da idonta, ni kuwa ban ga komai ba sai allon waya.

Injiniya: Ta ga yaron, ƙanena, amma wa ya zaɓi wanda aka aika ya kira shi? Hajiya, jikan Kaka ne ko ɗan maƙwabta?