Musayar Waƙa: An Ɗora Ni a Kan Wadda Ta Koya Mini Riƙe Alli

Malamar Rabin Aji:

Assalamu alaikum. Ranar Alhamis hedimasta ya kira ni ofis ya ce daga Litinin ni ce shugabar sashen ƙananan yara, aji uku, malamai huɗu. A cikinsu akwai Hajiyar da ta koya mini aikin nan tun ranar da na fara. Ni NCE ɗina, wato takardar shaidar malanta, a Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) na yi, karatun ƙarshen mako, na kuma yi rajista da hukumar rajistar malamai (TRCN), shi ya sa aka tsallake ta. Barci ya ƙaurace mini. Duk mai amsawa ya rufe baitinsa da "ra".

Da sunan Rabbana Sarki,
Wanda ya hore mana aiki,
Yau ga ni cikin mamaki,
An ce ni zan zam jagora.

Shekara shida ina tabarma,
Da 'yan huɗu, 'yan biyar ma,
Yau an kira shi ƙarin girma,
Nauyi ne dai aka ɗora.

Hajiya da ta nuna min hanya,
Sa'ar Inna ce, ta wuce Yaya,
Ta ina zan cire kunya,
In ce mata aikinta da gyara?

Masu alli, ku ba ni amsa,
Ko da daga gari mai nisa,
Kafin Litinin ta ƙarasa,
Don ranar ce zan fara.

Tsohon Hedimasta:

Barka 'yata, Allah ya taya ki riƙo. Mu 'yan UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka ba mu alli. NTI ɗin nan ta Kaduna da kika yi, a shekarar aka kafa ta, saboda makarantu sun cika malamai ba su isa ba.

'Yata, ki ji zancen tsoho,
Mulki ba ya son ƙaho,
Mai ce wa na ƙasa "oho",
Kansa yake nema wa kora.

Je gidan Hajiya da yamma,
Ki durƙusa bayan sallama,
Ki ce, "Taimakonki nake nema,"
Kar ki manta goro da fura.

Gyara kuwa a yi shi a ɓoye,
Ba gaban yara ko iyaye,
Yabo shi ne ake yi a tsaye,
A filin taro, gaban yara.

Mai Yara Tamanin:

Baba, a gafarce ni, goro ba zai rage cunkoso ba. Tun 2004 dokar UBE ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya. A zo a leƙa ajina a gani.

Tsarin ilimin ƙasa ya ce,
Yara ashirin da biyar ya dace,
Nawa tamanin, wasu a kwance,
Wasu na faɗa, wasu na ƙara.

Rabin aji a wurin manya,
Nan ake tura mai jinya,
Da mai laifi, da mai ƙiwuya,
Kamar juji wajen zuba shara.

In an kira bita a birni,
Da kuɗin mota da na wuni,
Sunan wani ne, ba dai ni,
'Yan ofis ne za su mora.

Hajiyar Wani Gari:

Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tanka ba. Yau dole in yi magana, don abin da za a yi wa waccan Hajiyar, ni an yi mini. Shekara 19 ina ajin yara da Giredi Tu, tsohuwar takardar malanta da ke ƙasa da NCE, aka ɗora mini sa'ar ɗiyar cikina.

Ni ce Hajiyar wata makaranta,
Wadda na goya aka naɗa ta,
Wata biyu ban amsa gaisuwarta,
Zuciya na ci kamar an hura.

Baba, goro bai sauke ni ba,
Daɗin baki bai taɓa ni ba,
Abin da na gani ban zata ba,
Shi ne ya sa na fara lura.

Ran nan wani yaro ya yi kashi,
Kowa ya toshe hanci ya bar shi,
Ita ta ɗebo ruwa ta wanke shi,
Ta ba shi gyalenta ya ɗaura.

Daga baya ta zo da fom a jaka,
Ta ce, "Hajiya, ga ƙofar ɗaukaka,"
Na koma aji ina da jika,
Yanzu wata shida ya yi saura.

Gyalen nan sabo ne fil, ranar ta fara yafa shi. Ki riƙe aji ɗaya a hannunki, 'yata, ko an ba ki tebur a ofis.

Malamin Kwaleji:

Hajiya, Allah ya sa ki gama lafiya. Malam Mai Tamanin, kukanka gaskiya ne, amma ga abin da ba ya jiran SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Malam, bita ba sai birni ba,
Ba sai an raba ambulan ba,
Ba sai wani baƙo ya zo ba,
Alhamis in an tashi ku taru.

Ɗaya ta koyar, uku su zauna,
Da murafun kwalba ta nuna,
Yadda ɗan huɗu zai ƙirga ya auna,
Sannan kowa ta ɗan ƙara.

Mai Yara Tamanin:

Ranka ya daɗe, "taru" ba "ra" ba ce. Kai da kake koyar da malamai!

Malamin Kwaleji:

Na faɗi jarrabawa. A mayar da shi: "Ran Alhamis kanku ku tara."

Malamar Rabin Aji:

Na gode muku duka. Yau Litinin, ga rahoto.

Baba, na je gidan jiya,
Na tarar tana kaɗa miya,
Ta karɓi goro ba dariya,
Ta ce da tsami a wannan fura.

Yau da safe ta riga ni zuwa,
Ta shimfiɗa tabarmi a inuwa,
Ta ce Alhamis ita ce mai koyarwa,
"In kin isa, ki zo ki gyara."

Ban sani ba ko sulhu ne ko gayyatar kokawa. Na dai ce wa yara kowa ya zo da murfin kwalba goma gobe. Na kuma buɗe rajistar azuzuwan uku: yara 71, 64, 58. Malam Mai Tamanin, in ka raba naka gida-gida, wa yake riƙe maka sauran lokacin da kake tare da gida ɗaya?